Bangon ɗakina ya tsage, ƙofa ta cije: a tona yanzu ko a jira rani?

Maman Nafisa (Talaje): Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah masu sanin gini ku taimaka mini da shawara. Gidanmu a unguwar Talaje yake, nan Yamai, na bulon siminti, ɗaki uku da falo, rufin kwano, shekara 14 ke nan da gina shi. A damanar 2024 wata ƴar tsaga ta fito a kusurwar ɗakin kwanana, muka sa aka shafe ta aka yi fenti. Bana ruwan Agusta na sauka sai ga ta ta dawo, har ta fi da. Ta taso daga saman taga, ta haura a karkace zuwa kusurwa, tana bin layin bulo kamar matakala. Can sama ɗan ƙaramin yatsana yana shiga. Ƙofar ɗakin kuwa sai na sa kafaɗa take rufuwa. Wani magini ya zo ya ce tushen ne ya zauna, zai tone gindin bangon gaba ɗaya, mita 8, ya zuba kankare, jika 900 har da kayan aiki. Maigidan yana Agadas wurin aiki, ya ce in tambaya tukuna. A tona yanzu ko a jira rani? Kuma kuɗin nan ba su yi yawa ba?

Lawali Mai Kanti: Wa alaikumus salam. Jika 900? Hajiya wannan ai yanka ne ba wuƙa. Nawa bangon ya tsage bara, buhu biyu na saya, yaro ya shafe, har yau lafiya lau.

Hasiya Wadata: Lawali ka karanta da kyau mana, ita ma ta shafe, abin ya dawo. Maman Nafisa ki fara fid da gado daga ɗakin nan yau, sauran magana ta biyo baya.

Injiniya Musa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar kuɗi, abu ɗaya nake roƙonki: kada ki bari kowa ya tone gindin bangon nan mita 8 a lokaci guda, ko da kyauta zai yi miki. Bangon da ya riga ya zauna, ƙasar da ke ƙarƙashinsa da wadda ke gefensa su ke riƙe da shi. A kwashe su duka, cikin damana kuma, ruwa ɗaya ya isa ya cika ramin, bango ya bi shi.

Tsagar Lawali da taki ba danginsu ɗaya ba. Akwai tsagar yaɓe, siririya kamar gashi, tana yawo kan bango kamar saƙar gizo. Wannan yaɓen ne ya bushe da gaggawa ko yashin ya cika ƙura, ita ce buhu biyu ke yi wa magani. A wurinmu da zarar tsaga ta wuce milimita 2 mun daina raina ta. Taki yatsa na shiga, ta bi layin bulo, ta fi faɗi a sama, ga ƙofa ta cije. Duk bakinsu ɗaya: wani ɓangare na tushen ya sauka, sauran yana tsaye. Kuma yawanci kan tsagar yana karkata ne wajen da ya saukan, ke nan kusurwar ce.

Har nan ni da magininki mun yarda da juna. Inda muka rabu, bai tambayi dalili ba. Gida ya yi shekara 13 bai ce uffan ba, me ya canza? Ki faɗa mini: me ke bayan bangon? Ina ruwan kwanon yake zuba? Akwai shadda ko kwatami ko bututun famfo kusa? Akwai babban icce? Kafin a yi ginin, me ke filin?

Maman Nafisa (Talaje): Na gode Injiniya, Allah ya saka. Bayan bangon wani ɗan lungu ne, bai kai taku biyu ba, sai katangar maƙwabta. Ruwan kwanon a lungun yake zuba, ba mu sa masa indararo ba. Shaddarmu tana can ƙofar gida, nesa. Akwai dogon yaro a tsakar gida, kamar taku shida daga ɗakin. Filin kuwa maigidan ya saye shi a share, ban san tarihinsa ba.

Sule Direba: Ku bar ni in ba ku nawa labarin, don ni na riga na sha. Gidan tsohuwarmu a Kirkisoy, bayan ambaliyar 2020, lokacin da ruwan kogin Kwara ya kai wajen mita 7 ya fasa shingen tare ruwa na unguwar Lamorde. Ruwa ya kwana uku a tsakar gida, da ya janye bango ɗaya ya dare. Muka kawo wani, ba zan faɗi sunansa ba, ya ce aikin kwana biyu ne. Da safe yaransa suka tone gindin bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan, suka ce gobe za a zuba. Cikin dare muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Bangon ya sauka, ya ja kwano da katakon rufi, ya kwanta cikin ramin da aka tona masa. Allah ya taimaka tsohuwa tana gidan ƙanwata. Abin da za mu gyara da jika ɗari kaɗan sai da muka sake ɗaki sukutum. Mutumin kuwa tun daga ranar wayarsa ba ta shiga.

Hasiya Wadata: Innalillahi. Sule Allah ya kiyaye gaba.

Baba Alhasan (Tawa): Salamu alaikum. Jikana ka rubuta min, ni idanu sun tahi. Ɗiyata, shekara 40 da wani abu ina riƙe da cokalin gini, abin da yaron ga injiniya ya hwaɗi gaskiya ne. Mu ba mu yi lakkwal ba amma haka munka gada: ba a ɗebe ma bango ƙasa gaba ɗaya, gaɓa-gaɓa aka yi, kamar mai cin rake. Amma ni kafin ma a kai ga tono, lungun nan nika tuhuma. Kwano ya tara ruwan ɗaki uku ya zubda shi wuri ɗaya, wurin da rana ba ta shiga, iska ba ta shiga, shekara 14. Ko dutse ne ya ji. Ki shiga lungun da sanda bayan an yi ruwa, ki soka ƙasar ki gani.

Lawali Mai Kanti: Ni dai na ce a sare dogon yaron nan. Saiwarsa ce ke ɗaga gida, kowa ya sani.

Injiniya Musa: Lawali kada ka sa ta rasa inuwa a banza. Da saiwa ce ta ɗaga, bangon sama zai yi, ba ƙasa ba, kuma dabe zai fara kumbura. Inda icce ke ɓarna da gaske shi ne ƙasa mai yumɓu. Yumɓu in ya sha ruwa kumbura yake, in ya bushe ya tsuke. Da rani icce ya tsotse danshin gefen da yake, ƙasar ta tsuke, tushe ya bi ta. Irin wannan tsagar da rani take buɗewa, damana ta ɗan rufe. Ta Hajiya kuwa da damana take ƙaruwa, ke nan ruwa ne ke tausasa ƙasar ko yake wanke ta. Kuma ko a kan yumɓun ne, sare babban icce rana ɗaya yana da nasa sharrin, don ƙasar da ya daɗe yana busarwa sai ta sha ruwa ta taso.

Hajiya ga aikin da za ki yi a satin nan, bai kai jika 10 ba. Ki rufe duk famfunan gidan, ki duba mitar ruwa, ki dawo bayan awa biyu. In lambar ta motsa, bututu na yoyo a ƙarƙashin ƙasa. Sannan ki samo gutsuren gilashi siriri guda uku, a manna su a gicciye kan tsagar, sama da tsakiya da ƙasa. A kankare fentin tukuna don ya kama bulon kansa, a liƙe bakinsa biyu da siminti, a rubuta kwanan wata a gefe. In bango na tafiya gilashin zai fashe. Na ƙarshe, ramin gwaji: a waje, kusa da kusurwar, faɗin taku ɗaya kacal, a bi gefen tushe har a ga inda ya ƙare, a ci gaba har diga ta fara jin tauri. Kada a shiga ƙarƙashin tushen. Ki ɗauko hoton ƙasar da ta fito.

Abdu Dar Salam: Injiniya ka ƙara da maganar ruwan ƙasa. Mu nan akwai wuraren da in ka tona rami ba ka yi nisa ba ruwa zai tsatso, ko da rani. Gindin bangonmu kullum jiƙe, fenti na kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, yaɓe na zubewa. Ban sani ba ko Talaje ma haka take.

Injiniya Musa: Ramin gwajin zai nuna. Amma naka ciwon daban ne Abdu. Danshi ne ke hawa cikin bulo, ya bushe a fuska ya bar gishiri, gishirin ke cin yaɓe. Abin da mutane ke yi, su manna tayil a gindin bango, yana ɓoye abin ne kawai, danshin ya hau sama da tayil ɗin ya fito. In ya daɗe har ƙarfen cikin poto, wato ginshiƙin kankare, yake kaiwa, ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare.

Nasiru Faransa: Me ya sa ake ta wahala da diga a wannan zamani? Nan inda nake huda ƙasa suke da ƙaramin inji, su ɗura wani ruwan roba, ya kumbura ya ɗaga gidan, aikin wuni ɗaya. Ko su kafa siraran turaku na ƙarfe da siminti har mita da yawa cikin ƙasa su ɗora tushe a kai.

Sule Direba: Nasiru to aiko mana da injin a jaka in za ka zo hutu.

Injiniya Musa: Duka biyun gaskiya ne, ana yi, kuma suna aiki. Ruwan robar yana cike gurbi yana danne ƙasa, amma ba kowace ƙasa yake so ba, in tarkace ne mai ruɓewa a ƙasan ba zai hana shi ci gaba da ruɓewa ba. Turakun kuwa na inda ƙasa mai ƙarfi ta yi nisa ne, hannu ba ya kaiwa. Kuɗin kawo inji da gwani kaɗai ya isa a sake ɗakin Hajiya sau biyu. Gida mai hawa ɗaya, rufin kwano, diga da shebur sun ishe shi in an bi ƙa'ida.

Ka tuna hasumiyar Pisa ta Italiya mai karkatar nan. An rufe ta a 1990, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2001. Me suka yi? Ba su ɗaga gefen da ya zauna ba. Ƙasa suka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin gefen da ke sama, har ta dawo da sama da santimita 40. Masu kuɗi da inji ke nan, shekara 11 suna lallaɓa ta. Mu kuma magini ya ce kwana biyu.

Rakiya Harobanda: Ku gafarce ni in shigo da tawa. Namu na laka ne, an yi masa yaɓen siminti a waje. Gindin bangon ya fara rarakewa, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ganga. Shi ma kankare za a zuba?

Baba Alhasan (Tawa): A'a ɗiyata, kada ki soma. Ganga da kika ji, simintin ne ya rabu da laka. Laka numfashi takai, ta sha danshi ta fidda shi. Kin sa mata rigar siminti, ruwa ya shiga ta ƴar tsaga, ya rasa ƙohwar fita, sai ya zauna ciki shina cin bango, gara ta samu gida. Waje kyau, ciki gari. A ɓamɓare wanda ya saki, a bar bango shi sha iska shi bushe. Inda ya rarake a share garin, a yayyafa ruwa kaɗan, a cike da tubali da kwaɓi mai ramno, shi ma gaɓa-gaɓa, kamu ɗaya ko biyu, a bari shi kama kafin a matsa gaba. In bangon ya jingina, a tokare shi tukuna. Daga nan a yi mishi dakali mai gangare a gindi. Mutanen yanzu sun ɗauka dakali don zaman hira anka yi shi. Takalmin bango ne. Indararo kuma a ja shi da tsawo, shi jefa ruwa nesa.

Laka ba ta da laifi in an kula da ita. Masallacin Yama nan ƙasarmu ta Tawa, Falke Barmu ya soma shi a 1962, da laka, har anka ba shi kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Amma ginin laka kamar dabba ne, kowace shekara sai an duba shi kafin ruwa.

Hasiya Wadata: Baba ni tun da na ga hoton tsohon masallacin Damagaram da ya faɗi a Satumba 2024 nake tsoron laka wallahi.

Baba Alhasan (Tawa): Ruwan shekarar nan har siminti ya kada, ɗiyata. Ki tambayi masu gidajen bulo.

Maman Nafisa (Talaje): Salamu alaikum, na dawo, yau kwana 9. Mitar ruwa ba ta motsa ba. Gilashin sama ya fashe bayan ruwan daren Talata, na tsakiya ya tsage, na ƙasa yana nan. Na soka sanda a lungu kamar yadda Baba ya ce, ta shige kamar cikin tuwo. Ramin kuwa abin mamaki. Tushen ya ƙare a santimita 70. Ƙarƙashinsa baƙar ƙasa ce da toka, da leda, da gwangwanaye, har da wani tsohon kwanon sha. Sai da yaron ya kai mita 1 da santimita 60 sannan ya tarar da jar ƙasa mai tauri. Ruwa bai tsatso ba, amma ƙasar jiƙe take, tana warin sabulu. Da muka leƙa ta kan katanga ashe kwatamin wankan maƙwabta yana manne da ita, daidai kusurwar ɗakina. Gidan haya ne, shekara biyu da suka wuce aka ƙara ɗakuna aka yi wannan makewayin.

Sule Direba: To ga ɓarawon nan an kama.

Injiniya Musa: Ɓarayi uku ne Sule. Na farko tun ranar gini yake kwance: kusurwar kan tsohon juji aka ɗora ta, ko ramin da aka ɗebi ƙasa aka cike da shara. Irin wannan ƙasa in tana bushe takan daure. Na biyu ruwan kwano, wata huɗu a shekara. Na uku kwatamin, shi ba ya hutun rani, kullum safe da yamma. Shekara biyu da yin sa, tsaga kuma ta fito a 2024. Lissafin ya hau.

Hajiya yanzu zan iya amsa tambayarki ta farko. Kada a taɓa ƙarƙashin tushe sai ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba ko Nuwamba. Amma jira ba zama ba ne. A satin nan a sa indararo a bakin kwanon, a kai ruwan tsakar gida ko titi. A tokare kusurwar daga waje da katako mai kauri, a sa faffaɗan katako a jikin bango don kada tokarin ya huda bulo. Kowa ya bar kwana a ɗakin. A sake manna sabon gilashi.

In rani ya shiga, ga yadda aikin yake. Ba mita 8 ba ne dole. A bi bangon da ƙananan ramukan gwaji a ga inda jujin ya ƙare, wataƙila mita 3 ta wannan gefen, 2 ta wancan. A raba tsawon gida-gida, kowane mita ɗaya, a sa musu lamba a jikin bango. A tona na 1 da na 4, a bar na tsakaninsu. Ba a buɗe biyu masu maƙwabtaka tare, kuma abin da ke buɗe kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na bangon in ya yi tsawo. Kowane rami a shiga ƙarƙashin tsohon tushe har jar ƙasar nan, a share gindin, a zuba kankare a ranar, kada ya kwana buɗe. A bar ƙarafa suna leƙowa ta gefe don gidan da ke biye ya kama su. Kada a cika har ya taɓa tsohon tushe, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu. Kankare yana ɗan tsukewa in ya bushe. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a kwaɓa siminti da yashi da ruwa kaɗan, wanda in ka dunƙula ya tsaya bai ɗiga ba, a cusa a tazarar ana dakawa da guntun katako da guduma har ya ƙi shiga. Wannan cusawar ita ce aikin. In an yi ta da wasa, sabon kankaren yana ƙasa, bango yana rataye a sama, sai ya sake sauka ya same shi. A ba shi kwanaki kafin a buɗe na gefensa.

Kuma zurfin nan ba wasa ba ne. Rami ya wuce mita 1 da santimita 30, a ƙasa mai laushi irin wannan, sai an kafa katako a gefuna. Ɗan mutane ne zai shiga ciki.

Baba Alhasan (Tawa): Injiniya nan kam muna da ƴar jayayya. Ka ce a jira Nuwamba da kwatamin yana nan yana aikinshi? Ni da gidana ne, gobe da sahe zan tone gidan kusurwa guda ɗaya in zuba, in rufe da leda, shi riƙe kafin rani. Mun sha yi tsakanin ruwa da ruwa.

Injiniya Musa: Allah ya ƙara girma Baba, na san kun yi kuma ya tsaya. Amma ku kuna tsaye a kan aikin, kun san ƙasa da hannu, kun san hadari da ido. Hajiya ita kaɗai ce da yara, ga lungu matsattse, ga ƙasa kamar tuwo, ga katangar maƙwabta ita ma a kan jujin take. Kusurwa ce ta fi kowane wuri ɗaukar nauyi. In ramin ya rufta, abu biyu za su faɗi.

Baba Alhasan (Tawa): Katangar kam na manta da ita. To a tokare, amma a tokare da gaske, ba sandar rumfa ba.

Lawali Mai Kanti: To kuɗin fa? Har yanzu ba wanda ya ce jika 900 daidai ne ko zalunci.

Injiniya Musa: Ba zan yanke wa mutum farashi ban ga wuri ba, amma ga yadda za ta auna. Kankaren tushe buhu 7 ne na siminti, wato kilo 350, a kowane gurbi mai tsawo da faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya. A bakin magina: buhu ɗaya, baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa wajen lita 25. Gida ɗaya mai tsawon mita 1, faɗin santimita 60, zurfin santimita 90 ƙarƙashin tsohon tushe, zai ci buhu 4. Gida biyar, buhu 20, tan ɗaya ke nan. A Oktoba 2024, bayan ambaliya, gwamnati ta sauke farashin siminti mai lamba 32.5 zuwa jika 55 tan ɗaya a Yamai. Ki aika a tambayo na yau a kasuwar Katako, da na ƙarfe mai kaurin milimita 12 da 8. Ki ƙara tsakuwa, yashi, katakon tokari, ladan masu tono. Ki ce ya rubuto miki kowanne da adadinsa a takarda. Wanda ya ƙi rubutawa ya ba ki amsa.

Abin da ba zai ce miki ba: aikin nan tsayar da gida yake, ba ya maida shi inda yake. Ƙofar sai kafinta ya fere ta. Tsagar kuma kada a rufe ta ranar da aka gama. A bar gilashi ya yi wata biyu ko uku bai fashe ba, sannan a ɗinke: a sassaƙa gurbi a gicciye kan tsagar, kamar kowane santimita 40, a kwantar da guntun ƙarfe 8 mai lanƙwasassun baki, a cike da siminti, a sa ragar waya a yi yaɓe. Lungun kuma a dabe shi da kankare mai gangare, ruwa ya riƙa gudu daga bango. Duk kankaren a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako ɗaya, ƙarfinsa sai kwana 28 yake cika.

Masu shirin ɗora bene kuwa ku ji da kyau, ramin gwajin hannu bai ishe ku ba. Akwai ɗakin gwaje-gwajen gini na ƙasa, LNTP/B, a nan Yamai, aikinsu ke nan auna ƙarfin ƙasa.

Hasiya Wadata: Ni duk wannan na ji, amma wa zai biya? Kwatamin wani ya kashe mata ɗaki. Ta kai shi ma'aikatar magajin gari kawai.

Malam Habibu: Hasiya a yi a hankali. Shari'a ta ce ba cuta ba cutarwa, haƙƙinta ne a kawar da kwatamin, wannan ba gardama. Amma Injiniya ya ce ɓarayi uku ne, biyu daga ciki na gidanta ne. In ta ce ya biya duka, ita ma ta ɗauki abin da ba nata ba. A fara da sallama, in ya ƙi a je wurin mai unguwa, in ya ƙi sannan hukuma.

Hasiya Wadata: Malam masu gidajen hayan nan ba sallama suke ji ba, takarda suke ji.

Sule Direba: A nuna masa katangarsa ma tana kan hanya. Mutum ya fi jin magana in asararsa ce a ciki.

Maman Nafisa (Talaje): Hasiya, matar da ke ɗakin hayar nan ita ta riƙe mini yara lokacin da na kwanta asibiti, ba zan fara da takarda ba. Na yi mata magana, sun yarda su riƙa wanka a ɗaya makewayin kafin mai gidan ya zo. Yana Doso, Asabar zai shigo, mai unguwa ya ce mu haɗu bayan la'asar. Gado na falo tun ranar da kika faɗa. Mai walda ya auna indararo, gobe zai kawo. Baba na gode, Allah ya ƙara lafiya, a gaida jikan naka mai rubutu. Injiniya, ramin gwajin nan in bar shi buɗe don mai gidan ya gani da idonsa, ko in rufe?

Injiniya Musa: Rufe shi yau Hajiya, kada ya kwana. Ki ɗauki hoto da sanda a ciki don a ga zurfin, ki ajiye ledar da gwangwanayen a buhu ki nuna masa. A maida ƙasa kaɗan-kaɗan ana dakawa, jar a ƙasa, a tara ta ɗan fi bakin ramin tudu, a shimfiɗa leda a danne da bulo. Ni nan Yantala, gabas ta riga ta yi baƙi da hadari.